Yadda na mayar da ƙungiya guda bahagwai

Ranar Litinin aka fitar da jadawalin gasar ƙwallon kwando ta kwalejoji, Juma'a za a buga wasan farko. Kwana huɗu ke nan a hannunmu mu san mutanen da ba mu taɓa gani ba, daga wata jiha mai nisan awa bakwai a mota. Ƙaramar kwalejin da nake karatun ƙididdiga a Amurka tana rukuni na uku ne na NCAA, hukumar wasannin jami'o'i da kwalejojin ƙasar, inda ba a ɗaukar nauyin karatun kowa don ya iya ƙwallon kwando. Ba gasar nan ba ce ta manya da ake nunawa a talabijin duk watan Maris. Tamu ƙungiyoyi 64 ne, amma dokar ɗaya ce: a ci ka sau ɗaya ka tattara komatsanka.

Ma'aikatanmu uku ne. Koci, mataimakinsa da ke koyarwa a sakandare da rana, sai ni, mai ɗaukar tawul da gorunan ruwa, wanda aka ƙara wa girma zuwa mai rubuta alƙaluma ranar da aka gano ina iya raba lamba ba tare da waya ba. Koci ya tafi neman bas da masauki, ya bar mini saƙo: takardar leƙen asirin abokan karawa, zuwa Talata da yamma.

Takardar nan kashi biyu ce. Na farko lissafi, kuma nan gidana ne. Kuskuren sabon shiga shi ne ya dubi makin da ƙungiya ke ci a wasa ya tsorata. Maki 78 ba ya nufin komai sai ka san sau nawa ƙwallo ta shiga hannunsu. Ana ƙirga wannan haka: jimillar jifan da suka yi, ka cire ƙwallayen da suka sake cafewa bayan sun ɓarar, ka ƙara waɗanda suka zubar wa abokan hamayya, sannan ka ƙara jifan kyauta da aka ninka da 0.475. Misali jifa 60, cire 10, ƙara 13, ƙara 9.5 na jifan kyauta 20, ya ba ka hari 72 da rabi. Maki 78 a kan wannan kusan 108 ke nan a kowane hari ɗari. Da wannan awon ne kake gane ko ƙungiya gwana ce ko gaggawa ce kawai ke cika mata allo. Sannan ka bi abubuwa huɗun da Dean Oliver, masanin alƙaluman ƙwallon kwando, ya tsara da nauyinsu: ingancin jifa kashi 40, zubar da ƙwallo 25, cafe wadda ta dawo daga kwando 20, jifan kyauta 15. A ingancin jifa kuwa, mai maki uku ana lissafa shi ɗaya da rabi, don haka wanda ya zura 26 cikin 60, goma daga bayan layin mita 6.75, ingancinsa ya kusa kashi 52, ba 43 ba. Duk wannan na gama kafin la'asar daga alƙaluman shafin makarantarsu, kuma har gobe ina bugun ƙirji babu kuskure ko ɗaya a ciki.

Kashi na biyu shi ne mutane. Kowane ɗan wasa layi uku, kada su wuce, domin yaron da ke haki ba zai tuna sakin layi ba: kamanninsa, hannun da yake so, da abin da ya tsana. Wannan sai da bidiyo. Bidiyon hukuma yana cikin rumbun da kociyoyi ke musaya, kalmar sirrin kuma tana wurin mataimaki, wanda ke aji ya kashe waya. Da mai haƙuri ne ni da na jira. Sai na shiga YouTube, na yi sa'a, a ganina, na tarar wani ya ɗora wasanninsu uku na ƙarshe, har da wanda aka ci su, wanda shi ne ya fi amfani, don a ranar da aka kayar da mutum ake ganin inda rigarsa ta yage. Hoton dishi-dishi ne, an kuma yanke ƙasan allon inda maki ke fitowa. Na ce ai ƙwallo na zo kallo ba ado ba.

Na zana rabin fili a takarda, na raba shi yanki tara, kowane jifa da'ira in ya shiga, gicciye in ya kauce. Na ware shafi don abin da suke yi in za a jefo ƙwallo daga ƙarƙashin kwando, wani don harin farko bayan hutun shawara, domin nan ne koci ke fito da abin da ya fi yarda da shi, wani kuma don minti huɗun ƙarshe, lokacin da ƙungiya ke nuna wa take miƙa wa ƙwallo in wuta ta yi wuta.

Minti goma da farawa na dakatar da bidiyon. Mai rabon ƙwallonsu, lamba 11, bahago ne. To, madalla, a rubuta. Dogon tsakiyarsu, lamba 00, shi ma da hagu yake murɗa jifa. Na uku bahago. Na huɗu bahago. Cikin biyar ɗin farko mutum ɗaya tak ke amfani da hannun cin tuwo.

Nan fa ilimi ya yi mini rana. Bahago kusan mutum ɗaya ne cikin goma. Na ɗauki biro na lissafa yiwuwar a samu huɗu cikin biyar: kusan ɗaya cikin 2,200. Ɗalibin ƙididdiga na gari in ya ga lamba irin wannan zai koma ya binciki inda ya samo bayanansa. Ni tashi na yi na zagaya ɗaki ina jinjina wa kaina, na gano abin da duk kociyoyin yankinsu suka kasa gani. Har na ce a raina, wannan gari iyaye ba sa tsawatarwa, da a gidanmu ne da ludayin Inna ya gyara su tun suna rarrafe.

Alamu kam sun zo, ni ne na sallame su ɗaya bayan ɗaya. A lokacin doka ba ta yarda da lamba 6 zuwa 9 a riga ba, saboda alƙalin wasa da yatsu yake nuna wa teburi wanda ya yi laifi. Saura 0 zuwa 5, kuma biyu daga cikinsu, 0 da 1, ba su da gaba ba su da baya. Tambarin tsakiyar filinsu harafin M ne. Akwai wani mai lamba 3 da na ga ukun ta juya baya, amma idon da ya tashi a makarantar allo bai ga abin gardama ba, ai huɗun Larabci ce, na rubuta 4 na wuce.

Ga abin da ya sa hannu ke da muhimmanci. Kamar ɗan dambe ne, kafin a buga kalangu ka san hannun da aka naɗe. Mai tsaro ba ya tsayawa daidai gaban mutum. Yana gusawa rabin taku zuwa ɓangaren hannun da mutumin ya fi ƙarfi, ya sa ƙafarsa ta gaba can ya toshe, ya bar masa ƙofa a ɓangaren raunin. Sauran huɗun kuma sun san ta inda za a koro shi, sai mai taimako ya jira a can. In aka kafa wa mai ƙwallo katanga, wato abokin wasansa ya tsaya ya tare mai tsaronsa, da wannan bayanin ake yanke ta ina za a bi. Na rubuta da manyan baƙi a saman takarda: ku toshe hagu, ku kora su dama.

Talata da yamma Koci ya karanta a tsaye, jakarsa a kafaɗa. Ya ɗaga gira.

"Huɗu?"

"Huɗu, Koci. Na ƙirga a wasa uku."

"Ka tabbata?"

Na nuna masa lissafin 2,200 ɗin. Ban san me ya sa na ɗauka hujja ce a gare ni ba.

Al'ada ce 'yan benci su saka riguna masu launin abokan karawa su kwaikwaye su, manya su gwada tsaro a kansu. Sai aka umarci bayin Allah biyar, huɗu daga ciki su yi awa biyu da hagu zalla. Ƙwallo ta bugi ƙafa, ta bugi gwiwa, ɗaya ya yi jifa ta wuce allon gaba ɗaya ta sami injin ruwan sha. Manyanmu kuwa suka zama zakuna, sun ƙwace ƙwallo sau goma sha wani abu a rabin awa. Koci ya dafa kafaɗata ya ce bai taɓa ganin tsaronmu ya yi kyau haka ba. A daren nan na kira yayana a gida na ce masa ya fara saba wa kansa da ganina a talabijin.

Laraba mataimaki ya zo da bidiyon hukuma, tas kamar ka taɓa. Aka kashe fitila. Lamba 11 ya karɓi ƙwallo ya buga ta da dama, ya kutsa ta dama, ya ajiye ta a kwando da dama. Dogon ya murɗa da dama. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai fankar na'urar haskawa. Na ce wataƙila ranar ce suke ɓoye sirrinsu. Wani yaro daga baya, cikin waɗanda suka sha wahalar jiya, ya ce in buɗe nawa bidiyon a gani. Aka jera su. Wasa ɗaya ne, minti ɗaya, sai dai a nawa kowa na gudu zuwa kishiyar inda yake gudu a nasu. Mai ɗorawar ya juya hoton ne kamar madubi, dabarar da masu kwafar bidiyo ke yi don na'urar kama satar fasaha ta kasa ganewa, shi ya sa ma ya yanke allon maki. Mutum ɗayan da na rubuta na dama, shi kaɗai ne bahagon gaskiya.

Koci bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ya ce kawai in gyara kafin bas ta tashi.

Gyaran ai mai sauƙi ne. Na ce wa kwamfuta duk inda ta ga hagu ta mayar dama. Ta yi. Sannan na ce duk inda ta ga dama ta mayar hagu. Ta yi, har da waɗanda ta gama canzawa yanzun nan. Na buga kwafi ashirin ban duba ba. Muna kan babbar hanya ranar Alhamis kyaftin ya miƙe ya fara karanta wa jama'a da murya irin ta mai labarai: lamba 11 yana son hagu, ya tsani hagu, ku toshe hagu ku kora shi hagu. Har direba sai da ya rage gudu don dariya. Na bi kujera-kujera da jan biro ina gyarawa, bas na jijjiga. Wanda zai yi irin wannan musanya, ya fara mayar da kalma ta farko wata alama ta daban, ya canza ta biyu, sannan ya dawo kan alamar. Mataki uku ne, ba biyu ba.

Juma'a muka buga wasa na gaske. Lissafina ya yi aiki: sun dogara da jifan nesa, muka matse layin, muka rage gudun wasan, kusan kowane hari sai mun cinye fiye da 20 cikin daƙiƙa 30 ɗin da doka ta bayar. Saura daƙiƙa 24, suna gaba da maki ɗaya, ƙwallo a hannunsu, agogon hari a kashe. Dole a yi laifi da gangan. Laifinmu na takwas zai zama a wannan rabin, daga na bakwai zuwa na tara kuma sai ka ci jifan farko ake ba ka na biyu. Wato in ka zaɓi mutumin da ya dace, ƙwallo na iya dawo maka ba a ƙara ko maki ba. Takardata ta faɗi mutumin: lamba 21, da ƙyar yake cin rabin jifan kyautarsa, mai gemu, da farin ƙyalle a goshi.

Koci ya duba benci ya zaɓi wanda ba shi da laifi ko ɗaya, yaron nan da ya fasa injin ruwa. Bai buga ko minti ɗaya ba, amma ya haddace takardar kamar karatun sallah. Ana jefo ƙwallo ta faɗa hannun mai gemu, ya rungume shi kamar ɗan'uwan da ya dawo daga Hajji.

Sai mutumin ya juya zai tafi layi, na ga bayan rigarsa. 15.

A madubi, 2 mai kusurwa 5 ce, 5 kuma 2, sannan gaba ya koma baya. Na gyara duk hannaye, ban tuna lambobi ba. Alƙaluman 21 na gaskiya ne, fuskar da na manna musu ce ta wani. Mai gemun nan tara yake ci cikin goma. Ya buga ƙwallo sau uku a ƙasa, ya zura na farko, ya zura na biyu, ragar ko motsin kirki ba ta yi ba. Ainihin 21, wani siriri mara ko gashin baki, yana tsaye a gefe yana tafa masa da fuskar wanda aka yafe wa bashi. Jifanmu na ƙarshe ya daki baki ya fito.

Awa bakwai na dawowa babu wanda ya zage ni. Sun dai raɗa mini suna da Turancinsu wanda fassararsa Bahago, kuma duk wanda zai miƙo mini abu a bas sai ya sauya hannu tukuna.

Da kaka ta zagayo na ɗauka an sallame ni. Na shiga ofis na tarar da teburina yadda na bar shi, sai ƙaramin madubi da aka jingina da kwamfuta, da wata takarda a gabansa. Kalmar sirrin rumbun bidiyo ce, da hannun Koci, ya rubuta ta a juye.