Yadda Rigar Sanyin Aran Ta Riƙe Mini Kai

Waɗanda suka san ɗan yayata da ke karatu a birnin Galway na ƙasar Ayilan sun san halinsa, saboda haka ba sai na yi dogon bayani ba. Shi ne ya dage cewa ba zan bar ƙasar Ayilan ba sai na sayi rigar sanyin tsibiran Aran, ya sa muka shiga jirgin ruwa daga Rossaveel, bayan kamar minti 40 muka sauka a Inis Mór, mafi girma a cikin tsibiran guda 3.

A wani kanti a ƙauyen Kilronan wata dattijuwa ta baje mana rigunan masu launin madara, ta nuna mini saƙar da ta yi kama da igiyar masunta da wadda ta yi kama da saƙar zuma. Na tambaye ta ko gaskiya ne kowane gida da irin saƙarsa, domin a gane gawar masunci idan teku ta ci shi, sai ta yi murmushi ta ce labari ne mai daɗin sayar da kaya. Da na ga kuɗin ta saƙar hannu ya haura Yuro 200, na juya shi zuwa naira a zuci, sai ga gumi a cikin wannan sanyi. Na taya da rabi, kamar yadda kowa zai yi a Kantin Kwari, na tsaya ina jiran a ce albarka. Ba ta ce uffan ba, ta dai juyo mini da takardar farashin, wataƙila tana zaton ban iya karatu ba.

Sai yaron ya ce, "Kawu, gwada wannan, daidai da kai ce." Na zura ta a kan kaftanina ba tare da na cire hula ba, domin ban saba tsayawa kai babu hula a gaban mutane ba. Hannuwa suka shiga, kai ya ƙi fita. Hular ta toshe wuyan rigar, hannuwana biyu suna sama kamar wanda 'yan fashi suka tare a hanya, idona ba ya ganin komai sai farin ulu, hancina kuwa ya cika da warin tunkiya, wanda daga baya aka ce mini maiƙon gashin ne da yake hana ruwa ratsa rigar. Na ja ƙasa ta ƙi, na ja sama ta ƙi. Da na juya neman taimako sai na bangaje wani, na ji ya faɗi tim, na ba shi haƙuri da Turanci har sau biyu kafin a sanar da ni cewa mutum-mutumin da ake rataya wa kaya ne.

Shi kuwa yaron, wanda ni na biya masa kuɗin jarrabawar kammala sakandare, bai miƙo ko yatsa ba. Wayarsa ya ɗaga. Kafin dattijuwar da wani Ba'amurke su zare ni, hoton ya riga ya isa zauren WhatsApp na dangi, har mahaifiyarsa, wadda ya kamata ta tsawatar masa, ta tura alamar dariya guda bakwai. Na ƙirga su. Ba'amurken kuma ya riƙe hulata yana jujjuyawa, yana tambayata ko kowane gida a wurinmu da irin ɗinkinsa.

Kunya ce ta sa na biya kuɗin cif, ba a rage mini ko sisi ba. Sau biyu na sa rigar da hunturu a Kano, tana ta yi mini ƙaiƙayi a wuya, kafin uwargida ta wanke ta da ruwan zafi ta tsuke. Yanzu auta ne yake sa ta zuwa Islamiyyar safe. Hular ma har yau ba ta koma daidai ba.