Gemu ba ya hana ilimi, amma a baki kawai muke faɗa

Ajin dare nake zuwa a wata kwaleji nan Bronx a birnin New York, kuma wallahi mutanen da muke zama da su sun fi karatun tsaya min a rai. Baƙaƙen Amurka ne magidanta, ɗan arba'in, ɗan hamsin, wani direban bas, wani tsohon soja, wani ya sha zaman gidan yari ya fito yana son ya gyara rayuwarsa, ƙarfe shida na yamma za ka gansu sun shigo da kayan aiki a jiki a gajiye liƙis.

Ba wai sauƙi suke samu ba fa. Ga haya ga yara ga lissafin da mutum ya rabu da shi shekara ashirin, wasu zango ɗaya suke yi su ɓace. Ta wajen kuɗi akwai ɗan agaji, Pell Grant na gwamnatin tarayya ba ruwansa da shekarunka, har fursunoni an maido musu da shi a 2023 bayan an hana su tun 1994. Amma ni dai abin da na ga yana riƙe su shi ne junansu. CUNY, wato jami'ar birnin New York, ma ta gane haka, tun 2005 take da shirin Black Male Initiative na haɗa ɗalibi da wanda ya riga shi shiga ya riƙa jan hannunsa. A ajinmu in ka yi fashi sau biyu sai wani ya bugo maka waya, ɗan'uwa lafiya, ina ka shige?

Mu a gida wa ya kai mu jama'a? Ga dangi ga majalisa ga abokan masallaci, amma magidanci ya ce zai koma aji sai a fara, da girmanka? NOUN, jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, na nan, Obasanjo ma bayan ya sauka daga mulki can ya je har ya yi digirin digirgir, sai dai talaka in ya gama ya haura 30 ba bautar ƙasa, tallan aikin ma wani sa'in da iyakar shekaru yake zuwa.

Kawuna ya taɓa yankar fom ɗin NCE yana da shekara arba'in da wani abu, 'yan majalisarsu suka sa masa suna ɗan firamare, wata uku ya yi ya ajiye. Har yau abin na ci min rai, don ko mutum ɗaya bai taka ya je gidansa ya tambaye shi me ya sa ya daina ba.