Jirgi na wucewa ta kanmu a Aboabo amma mu muna tashar Asafo

Jama'a don Allah wai mu mutanen Kumasi laifin me muka yi ne? Daga nan zuwa Accra tafiyar da ba ta wuce kilomita 250 ba, a jirgi minti arba'in ma bai cika ba ka sauka, amma yau in ba kai ɗan siyasa ba ne ko wanda ofis ke biya wa tikiti to ka manta kawai, ka kama hanyar Asafo ka hau bas ka ba Allah ranka. Ka wuce Ejisu lafiya, ka zo Konongo ka tsaya, Nkawkaw manyan motocin Burkina da Mali sun cika titi, kafin ka ga Nsawam bayanka ya riga ya sage, sannan ga cunkoson Amasaman da Pokuase na jiranka. Wuni guda cur ya tafi, azahar da la'asar sai dai a haɗa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne da ba haka muke ba. Yaran yanzu in ka ce musu Antrak Air sai su tsaya suna kallonka. Kamfanin jirgin sama ne na ɗan ƙasa, Musulmi ɗan uwanmu, marigayi Alhaji Asoma Banda mutumin Kintampo, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi suna tun a harkar jiragen ruwa kafin ya shigo ta sama. A 2003 ya fara, lokacin Ghana Airways na kan gargara, 2004 ma ta mutu gaba ɗaya. Ƙananan jirage ne masu farfela, irin ATR ɗin nan, ba wani ƙawa ba wani fankama, amma suna zuwa Kumasi suna zuwa Tamale da Takoradi da Sunyani. Hajiyoyinmu masu atamfa a Kejetia sun san daɗinsa, mutum ya yi asuba a gida ya sari kaya a kasuwar Makola ta Accra ya dawo ya yi isha'i da iyalinsa.

Ga Citylink, daga baya ga Starbow da Fly540 sun shigo a 2011, Africa World a 2012, kowa na neman fasinja, kowa na rage kuɗi. Wallahi a shekarun nan har tela da mai sayar da waya sun hau jirgi, ana ɗaukan hoto a gindin matakala ana sawa a Facebook. To ina suke yanzu? Citylink ta tafi, Fly540 ta nannaɗe tabarma a 2014, Antrak a 2015 suka ce sun dakata na wata uku za su gyara tsari su dawo, har yau wata ukun nan bai cika ba. Starbow kuma jirginsu ya zame daga titin tashi a filin jirgin Kotoka na Accra a Nuwamba 2017, daga ranar shi ke nan.

Kuma kada wani ya zo ya ce min wai rashin iya kasuwanci ne, haba! Mutumin da ya riƙe jiragen ruwa shekara da shekaru shi ne bai iya lissafi ba? Duba yadda abin yake. Jiragen Antrak na ƙarshe haya ne daga wani kamfanin Sifen, Swiftair, irin hayar da ake ba ka jirgi da matuƙa da masu gyara da inshora duka a haɗe, kai kuma ka biya da kuɗin waje. Man jirgi da dala ake lissafa shi, kayan gyara dala, amma tikiti da sidi kake sayarwa. Sai ga 2014 sidi ya faɗi warwas, daga sidi 2 da ɗoriya a dala ɗaya har ya doshi 4 cikin ƴan watanni. Wato bashinka ya kusa ninkawa kana zaune ba ka ƙara ko kujera ɗaya ba. Ga dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya kashe kasuwa mutane ba kuɗi a hannu. A cikin wannan halin ne fa aka ga ya dace a ɗora harajin VAT kashi 17.5 a kan tikitin cikin gida, majinyaci na neman ruwa aka ɗora masa buhun siminti a ƙirji. Sai 2017 aka cire harajin, bayan an riga an yi jana'iza.

Yanzu an yi mana sabon gini a filin jirgi, an buɗe a 2024 an sa masa sunan Prempeh na ɗaya, gini kam ya yi kyau ba ƙarya, ni ma na je na gani. Amma gini ake hawa? Mu da ke Aboabo da Asawase da Buokrom ƙarar jirgi ce rabonmu, yana wucewa ta kan rufin kwano yara na ɗaga masa hannu. Ka duba tikiti a waya da safe ka ga kuɗi ɗaya, kafin ka gama tara kuɗin a momo, asusun kuɗi na waya, da yamma ya hau. In ka daure ka saya ma wani lokaci sai a turo saƙo an ɗaga tafiya, ba haƙuri ba bayani, don sun san ba ka da inda za ka, kamfani nawa suka rage?

Duk zaɓe sai a zo mana da zancen sabon kamfanin jirgin sama na ƙasa, tun Ghana International Airlines ta rufe a 2010 muke jin wannan waƙar. Mu ba jirgin Landan muke tambaya ba. A rage haraji a kan man jirgi da kuɗin sauka don ƙananan kamfanoni su iya numfashi su yi gasa, in kuma hakan ya gagara to a gama mana hanyar nan ta zama tagwaye daga Ofankor har Ejisu, a daina yi mana guntu-guntu ana kafa allo ana tafiya.