Doki Biyu, Sarki Ɗaya, Babu Ci

"Mushe, sake faɗi in ji. Doki nawa?"

"Maki uku, Alhaji."

"Wawa fa?"

"Shi ma uku. Soja ɗaya, hasumiya biyar, sarauniya tara."

Alhaji ya ajiye kofin shayi. "Wane dillali ne ya yi wannan ciniki? Doki da wawan sarki kuɗi ɗaya? A kawo shi kasuwar dabbobi ta Tawa ya faɗi haka a bainar jama'a."

Mushe ya gyara tabarau. Tun da ya kawo darar nan ta Turawa, wato chess, fada, magana ba ta fita bakinsa sai ya taɓa tabarau, alhali gilashi ɗaya ya tsage tun bara.

"Lissafi ne. Gida 64 ne a allon. Wawa in yana tsakiya, gida 13 yake gani. Doki takwas. Ka kai doki lungu, biyu kacal suka rage masa."

"Wa ke ɗaure doki a lungu in ba ɗan lakwal ba?"

"Daga wannan kusurwa zuwa waccan, wawa taku ɗaya. Dokinka sai ya yi shida."

"Doki ba ya gaggawa. Mai daraja ne."

Ɗanjuma mai shayi ya sa baki: "Baba Alhaji, ni tafiyarsa ce ban gane ba. Biyu gaba, ɗaya gefe, kamar direba a hanyar Tawa zuwa Agadas yana kauce wa ramuka."

"To ka gani! Dabbar da ta san hanyoyin ƙasarta. Kai Mushe, wawanka yana tsallake mutum?"

"A'a."

"Wanda ya fara a farin gida, yana taka baƙi?"

"Har abada ba ya yi."

"Rabin gari ya gagare shi, kenan. Gida 32 ko gaisuwar mutuwa ba ya zuwa."

Nan kam Alhaji ya faɗi gaskiya, kuma abin ya yi wa Mushe ciwo. In sojoji suka cunkushe tsakiyar allo, wawa zaman kashe wando yake yi a bayan nasa mutanen, doki kuwa ya dira ya kama sarki da sarauniya a taku ɗaya. Sai fili ya buɗe ne wawa ke samun bakin magana.

"A 1971," in ji Mushe, hannu a tabarau, "Bobby Fischer na Amurka ya ci Taimanov shida ba ko ɗaya. A wasa na huɗu, wawansa ne ya galabaitar da doki."

"Shi Fisha ɗin ya taɓa hawan salla?"

"Amma akwai wani Barashe, Chigorin, da aka sani da son dawaki..."

"Ɗan halak! Ka ce a gaida iyalinsa."

"Ya mutu tun 1908."

"Mutanen kirki ba su daɗewa. Jera mu buga."

Aka jera. Alhaji ya ba da wawayensa biyu tun da wuri, har da cewa a sauka lafiya. Ya ba da hasumiya, ya yi musayar sarauniya, duk don kada ƙura ta taɓa dawaki. Mushe kuwa garin bayani ya yi ta zubar da kaya. La'asar sakaliya, allo ya koma sarkin Mushe tilo da soja ɗaya, Alhaji na da sarki da dawakinsa biyu. Ya miƙa hannu ya lamushe sojan.

"Alhamdu lillahi," in ji Mushe. "Canjaras."

"Mi?"

"Doki biyu ba su kama sarki tilo, sai in shi ya kai kansa. Wawa biyu suna kamawa. Wawa da doki ma suna kamawa. Da ka bar mini sojan nan, da wataƙila akwai hanya, don in ka matse sarkina ina da abin turawa. Yanzu ka matse ni, in rasa taku, a tashi babu ci."

"Ungo sojanka. Sadaka."

"Ba a mayarwa."

"Ka ƙi sadaka? Ɗanjuma, ka shaida."

Ya bi sarkin nan gabas, ya bi shi yamma, yana "Sukuwa!" Aka kira magariba, aka dawo. Aka ɗauke wuta, kamar kullum, Ɗanjuma ya haska da salula.

"Alhaji, taku 50 ba a ci kowa ba, ba a tura soja ba. Doka ta ce a tashi."

"Dokar wa? Dawakin sun gaji ne, ba su sha ruwa ba. Na ga naka biyu can gefe suna zaman banza. Sayar mini da ɗaya, su zama uku."

"Haba Alhaji! Wannan cin mutuncin ilimi ne. Duk duniya ba a taɓa..."

"Jika biyu."

Mushe ya cire tabarau. Yau wata ya kai 38, albashi shiru.

"Da sirdi ko ba sirdi?"