Legas na da teku, talaka ba shi da inda zai tsaya ya kalle ta

Duk wanda ya san Legas shekaru 30 da suka wuce ya san Bar Beach, wurin shaƙatawa na bakin teku. Ranar yawon Sallah mutanen Obalende da Idi-Araba da Agege sukan cika motocin haya zuwa can. Yara su tuɓe takalma, su bi ruwa in ya ja baya, su sheƙo da gudu in ya dawo. Masu dawaki na sukuwa a kan rairayi, mai tsire na fifita wuta, babu mai tambayarka ko sisi. Wanda ya taso bai san ruwan da ya wuce na dam ba, in ya tsaya gaban wanda ba a hango ƙarshensa, tasbihi ne ke fara zuwa bakinsa.

Yau wurin babu shi. Gaskiya teku ce ta fara cinye shi. Katangun duwatsun da Turawan mulkin mallaka suka soma ginawa a mashigar tashar jiragen ruwa wajen 1908 sun tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma, gaɓar ta yi ta zaizayewa har ambaliya ta riƙa hawa titin Ahmadu Bello. Dole ne a yi wani abu. Sai dai abin da aka yi shi ne aka cike wurin da yashi, aka kafa Eko Atlantic, unguwar masu hannu da shuni.

Sauran wuraren kuma, irin su Elegushi, sai ka biya kuɗin shiga, na ajiye mota daban, na kujera daban. Magidanci mai 'ya'ya shida ina zai fara? A Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna gaɓar Tarkwa Bay, a Afrilun 2024 kuma aikin titin Legas zuwa Kalaba ya rushe wani ɓangare na Landmark Beach.

Masu karɓar kuɗi suna da hujjarsu: da shi ake kwashe robobi, ake biyan masu ceto, kuma ruwan Legas yana da ja sosai, yana cin rayuka. Na yarda. Amma shara da tsaro aikin gwamnati ne, don su ake karɓar haraji.

Najeriya na da gaɓar teku ta kusan kilomita 850, sabon titin zai bi kimanin 700. Tun kafin a gama rabon filayen da ke gefensa, ya kamata majalisar dokokin jihar Legas ta ware wuraren shiga kyauta da doka, da masu ceto, da bayi, da inda mutum zai yi alwala ya yi sallah.