Masu zabtare kuɗin bincike ba su san inda maganin sankarar jini ya fito ba

Tun watan Fabrairun 2025, lokacin da hukumar NIH mai ɗaukar nauyin binciken lafiya a Amurka ta ce kuɗin da take ƙara wa jami'o'i don tafiyar da ɗakunan gwaje-gwaje ba zai wuce kashi 15 cikin 100 na kuɗin tallafin binciken ba, hankalin jama'a ya koma kan shari'ar da ta biyo baya, da kuma shawarar gwamnatin Trump ta yanke kusan kashi 40 cikin 100 na kasafin hukumar. Kotu ta taka wa matakin farko birki. Amma abin da ya fi ci mini rai ya riga ya faru, kuma babu alƙalin da zai iya mayar da hannun agogo baya: jami'o'i sun firgita, suka soma rage ɗaliban digirin digirgir. Jami'ar Pennsylvania ta rage adadin waɗanda za ta ɗauka. Makarantar koyon aikin likita ta UMass Chan kuwa janye guraben da ta riga ta ba ɗalibai ta yi.

Hujjar masu goyon bayan wannan yankan kuɗi ta daɗe tana yawo. Wai me al'umma za ta ƙaru da shi idan matashi ya shafe shekara biyar ko shida yana bin diddigin furotin guda ɗaya a cikin ɓargon ɓera? A zuba kuɗin, in ji su, a binciken da zai kai ga gadon asibiti nan kusa. Maganar tana da daɗin ji, amma duk wanda ya san tarihin sankarar jini ya san ta ci karo da yadda aka samo kusan kowane magani mai kyau da muke da shi.

A kowace daƙiƙa jikin baligi yana ƙera jajayen ƙwayoyin jini kusan miliyan 2, kowace ta yi kwana 120 ko kusa da haka ta mutu. Su da fararen ƙwayoyi masu yaƙar cuta, da waɗanda ke sa jini ya daskare idan an ji ciwo, duk daga tushe ɗaya suke fitowa, wato wasu 'yan ƙwayoyi ƙalilan da ke zaune a ɓargo, waɗanda James Till da Ernest McCulloch suka tabbatar da samuwarsu a Toronto a 1961 ta hanyar ƙirga ƙulle-ƙullen da suka tsiro a saifar ɓeraye. Abin mamakin shi ne DNA ɗin da ke cikin ƙwayar tushe shi ne dai wanda 'ya'yanta suka gada. To me ya sa wannan ta zama ja, waccan ta zama fara? Amsar tana cikin waɗanne ƙwayoyin gado (wato sassan DNA masu ɗauke da umarni) aka kunna, waɗanne aka kashe, kuma a wane lokaci. Akwai furotin da aikinsu ke nan, irin su GATA1 da ke tura ƙwaya ta zama ja, da RUNX1 wanda in babu shi ƙwayoyin tushe ma ba sa samuwa a jikin ɗan tayi. Idan wannan tsari ya ɓaci, sai ƙwaya ta maƙale a tsakiyar hanya, ba ta nuna ba, ba ta mutu ba, tana ta hayayyafa har ta cike ɓargo ta hana jini mai kyau fitowa. Mafi yawan sankarar jini mai saurin kisa haka take. Ɗalibin da ake yi wa kallon mai ɓata kuɗi, wannan maƙalewar yake ƙoƙarin ganewa.

A 1960, a birnin Filadelfiya, Peter Nowell na wannan jami'a ta Pennsylvania da David Hungerford suka lura cewa masu fama da wata sankarar jini mai tafiyar hawainiya, wadda ake kira CML, suna da wani kiromosom, wato ɗaya daga cikin ƙunshin DNA da ke cikin ƙwaya, da ya gajarta fiye da ƙima. Hungerford, wanda idonsa ya saba da duba kiromosom a madubin gwaji, ɗalibi ne a lokacin, bai kammala digirinsa na uku ba. Babu wanda ya san amfanin abin da suka gani. Sai bayan shekara 13 Janet Rowley ta Jami'ar Shikago, wadda takan yanko hotunan kiromosom da almakashi ta jera su a kan teburin gidanta, ta gano cewa guntun bai ɓace ba, musanya aka yi tsakanin kiromosom na 9 da na 22. Wasu kuma suka zo a shekarun 1980 suka nuna cewa musanyar ta haɗa ƙwayoyin gado biyu, BCR da ABL, suka haifi furotin da ba ya daina umartar ƙwaya ta rabu. Maganin da ke toshe shi, imatinib, sai a 2001 aka amince da shi. Shekara 41 ke nan daga ranar da ɗalibi ya ga gajeren kiromosom. Cutar da a da take kashe mutum cikin 'yan shekaru, yau yawancin masu shan ƙwayar maganin kullum suna rayuwa kusan kamar kowa. Da ma'aunin masu son sakamako nan take aka auna aikin Hungerford a 1960, da an ce ya tattara kayansa.

Misalin da ya fi kusa da zuciyata ba na sankara ba ne, na sikila ne, kuma ya fi fito da maganar kunnawa da kashewa fili. A 1948 wata likitar yara a New York, Janet Watson, ta lura cewa jariran da aka haifa da sikila ba sa nuna alamun ciwon a watanninsu na farko, ta danganta hakan da irin himogulobin (furotin mai ɗaukar iskar oksijin a jini) da ɗan tayi ke amfani da shi a ciki, wanda jiki ke daina yi bayan haihuwa. Tambayar da ta rage ita ce wane ne ke kashe shi. Shekara 60 aka yi ana nema. A 2008 Vijay Sankaran, ɗalibin digirin digirgir a ɗakin gwajin Stuart Orkin a Harvard, ya nuna cewa furotin BCL11A ne makashin. A 2013 Daniel Bauer, a wannan ɗakin dai, ya gano ɗan yankin DNA da ke kunna BCL11A a cikin jajayen ƙwayoyin jini kaɗai, yankin da shi kansa ba ya ƙera wani furotin. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, magani na farko da aka yi da fasahar gyara DNA mai suna CRISPR. A lura da kyau: maganin bai taɓa ƙwayar gadon da ke jawo sikila ba ko kaɗan. Ana ciro ƙwayoyin tushe na majinyaci, a lalata wancan ɗan makunni, a mayar masa da su, sai jikinsa ya koma yin himogulobin na ɗan tayi. Tsadarsa abin takaici ce, kuma ina cikin masu jin zafinta, amma wannan laifin masu sa farashi ne, bai shafe gaskiyar cewa tambayar da ɗalibi ya amsa ce ta buɗe ƙofar ba.

Kada kuma a ɗauka zancen ya ƙare a baya. A watan Nuwamban 2024 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince da revumenib ga masu sankarar jinin da ƙwayar gadon KMT2A ta karye ta manne da wata, irin da ta fi addabar jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Maganin yana raba gurɓataccen furotin ne da abokin aikinsa mai suna menin, sai ƙwayoyin gadon da suka tsaya a kunne su daina aiki, ƙwayar da ta maƙale ta ci gaba da nuna. Dogaron da cutar ke yi da menin, tun kusan shekara 20 kafin nan masu binciken asali suka gano shi.

Za a kawo mini misalin Sin, inda Wang Zhenyi ya yi wa masu wata sankarar jini da ake kira APL magani da wani sinadari dangin bitamin A a Shanghai a shekarun 1980 kafin a san ƙwayar gadon da ta ɓaci. Haka ne, amma tunanin tilasta wa ƙwayar sankara ta nuna daga ɗakin gwaji ya samo shi, kuma fahimtar da ta biyo baya ce ta mayar da nasara guda ta zama hanyar da ake bi a yau. Masu cewa kamfanonin magunguna za su cike giɓin kuwa su nuna mana kamfanin da zai biya albashin shekara 40 a kan tambayar da ba a san ƙarshenta ba. Su kuma masu rantsuwa cewa ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta za ta maye gurbin ɗalibai, sun manta cewa bayanan da take haɗiya hannun mutum ne ya fitar da su daga ɓargo.

Hannun nan kuwa, a yawancin ɗakunan gwaje-gwaje, na ɗalibi ne. Farfesa yana ofis yana rubuta takardun neman tallafi. Ɗalibi ne ke zuwa ranar hutu ya sauya wa ƙwayoyi ruwan da suke rayuwa a ciki don kada su mutu, shi ke wanko ɓargo daga ƙashin cinyar ɓera da siririyar allura, ya shafa wa ƙwayoyin alamu masu ƙyalli, ya zauna gaban na'urar tantancewa har dare yana ware 'yan ƙwayoyin tushe daga cikin miliyoyi. Gwajin ya ƙi, ya sake, ya ƙi, ya sake. A cikin wannan maimaitawar ce ake koyon bambance sakamako na gaskiya da na ruɗi, kuma ba a koyonsa a aji. Jami'ar da ta rufe ƙofa shekara ɗaya ta yi abin da manomin da ya cinye irin shukarsa ya yi. Yau ba za a ga komai ba. Bayan shekara goma sha biyar ne za a nemi masu shugabantar ɗakunan gwaji a rasa, kuma ba wanda zai iya nuna maganin da ba a gano ba ya ce ga asarar.

Wannan rashin ganin asarar shi ne ya ba masu yankan ƙarfin hali, kuma shi ya sa nake ganin abin da suke yi rashin imani ne da aka lulluɓe da sunan tsimi. Har yanzu sankarar jini mai saurin kisa da ake kira AML tana kashe yawancin tsofaffin da ta kama. Tun 2014 aka san cewa mutane da yawa, idan shekaru suka ja, suna ɗauke da ƙwayoyin jini masu sauyi a ƙwayoyin gado irin su DNMT3A da TET2, masu tsara abin da za a kunna da abin da za a kashe, amma kaɗan ne daga cikinsu ke kamuwa da sankara. Gano abin da ya raba waɗannan da waɗancan aikin shekaru ne, kuma aikin ɗalibai ne.

Abin da ya kamata a yi ba ɓoyayye ba ne. A ware kuɗin horar da ɗalibai daga rigimar kasafin kowace shekara, ta yadda duk wanda aka ɗauka zai san tallafinsa zai kai shi ƙarshen karatu. Jami'o'in da ke zaune a kan dukiyar gidauniya ta biliyoyin daloli su taɓa ta kafin su taɓa guraben ɗalibai. Ƙasashen da ke da hali kuma su buɗe ƙofa ga waɗanda aka janye wa gurbi tun kafin su haƙura da binciken su kama wata sana'a.