Kafin ka ɗora wa kazar gida wuƙa

Assalamu alaikum, 'yan uwana na Zango.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka yi baƙi a gidanmu da ke unguwar Aboabo a Kumasi, uwargida ta ce a kama jan zakaran nan. Tun yana ɗan tsako muke kiwonsa, da ya ji motsin kwanon tsaba sai ya sheƙo ya tsaya a ƙafata. Na taka fukafukansa, na riƙe kan, na ji ɗumin jikinsa a tafin hannuna, sai hannun ya kama rawa. Wanda ya saba sayen kazar ƙanƙara a kasuwar Kejetia bai san wannan nauyin ba.

Kada kowa ya ce maka raunin zuciya ne. Wani mutum ya gaya wa Manzon Allah (SAW) cewa yana yanka tunkiya yana jin tausayinta, sai ya ce masa: tunkiyar ma, in ka ji ƙanta Allah zai ji ƙanka. Imam Ahmad ya ruwaito shi.

Sai dai tausayin da ke sa hannu rawa, a wuyan kaza yake ƙarewa. Mutum ya kau da kai, ya ja wuƙa da sanyin jiki, ya tsaya, ya sake ja, ita kuwa tana ta shure-shure. Ni kaina na taɓa yin haka shekarun baya da dakusasshiyar wuƙar yanka albasa, har yau in na tuna sai na yi istigfari.

A hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku yi yanka ku kyautata yankan, ɗayanku ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa. Don haka wasa wuƙar tun kafin a kamo kazar, kuma ba a gaban idonta ba. Ka kai ta bayan gida, nesa da sauran kajin. Ka fuskantar da ita alƙibla, ka ce Bismillahi Allahu Akbar, ka yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, kada ka ɗaga hannu sai ka gama, kamar yadda malamanmu na Malikiyya suka karantar. In ka san ba za ka iya ba, ba abin kunya ba ne ka kira maƙwabci.

Iyayenmu mata, don girman Allah, a daina tsoma kaza a ruwan zafi tana sauran motsi. Figa ba ta gudu. A bar ta ta yi shiru tukuna.

Zakaran nan kuwa, na ɗan sassauta masa har hannuna ya natsu, na ba shi ruwa, sannan na yi bisimilla, ja ɗaya. 'Yar autarmu ta ƙi cin naman a daren, ni ma ban matsa mata ba.